Rundunar Durham: shekara 210 na yaƙi a wuyan lardin 'yan haƙar kwal

Mai bin ƙwallon ƙafar Ingila ya san Sunderland, ya san Newcastle da Middlesbrough. To, ƙasar da ke shimfiɗe tsakanin kogin Tyne da kogin Tees, a can arewa maso gabashin Ingila, ita ce tsohon lardin Durham. Filin wasan da Sunderland ke amfani da shi yanzu, wanda aka buɗe a 1997, a kan tsohuwar mahaƙar kwal ta Wearmouth aka gina shi. Da kwal lardin nan ya ci ya sha. A 1913, ana gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, maza fiye da 160,000 ke aiki a mahaƙun Durham, wasu kuma suna gidajen narka ƙarfe da wuraren ƙera jiragen ruwa. A cikin waɗannan mutane ne rundunar Durham Light Infantry, wadda aka fi sani da DLI, ta riƙa ɗibar sojojinta.

Ta rayu daga 1758 zuwa 1968. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci a zauna a warware shi, yana nuna wata dabara da hukumar Birtaniya ta yi wajen tsara sojanta, wato ɗaure soja da garinsu. An ci moriyar wannan ɗauri sosai a fagen fama. Nauyinsa kuwa a kan talakawan garuruwan ya sauka, da kuma mutanen ƙasashe masu nisa waɗanda ba su taɓa jin sunan Durham ba sai ranar da suka ga jajayen riguna a bakin ƙofarsu.

Sai a fara da bambance runduna da bataliya, don a nan ake yawan rikicewa. Bataliya ita ce mai fita yaƙi, mutum ɗari takwas zuwa dubu a ƙarƙashin laftanar-kanar. Runduna irin DLI ba ta fita fagen daga a dunƙule. Kamar babban gidan gado take mai sassa da yawa: kowane sashe da inda ya tafi nema, wani Indiya wani Masar, amma sunan gida ɗaya, tambarin hula ɗaya, labarin kakanni ɗaya. Idan ana zaman lafiya, bataliyoyin dindindin biyu ne kacal. Yaƙi na ɓarkewa sai a yi ta ƙara sababbi.

A 1756, da yaƙin da ake kira na Shekara Bakwai ya tashi tsakanin Birtaniya da Faransa, aka umarci wasu rundunoni kowacce ta kafa bataliya ta biyu. Bayan shekara biyu aka ɓalle ta biyun runduna ta 23, aka ba ta lamba 68, wadda ita ce tushen DLI, aka damƙa ta ga Kanar John Lambton, ɗan wani gidan masu filaye da kwal a Durham. A lokacin dangantakarta da lardin ba ta wuce wannan ba. Lamba ce sunan runduna a wancan zamani, kuma duk wanda ya karɓi sulen da mai ɗaukar kurata ke miƙawa ya zama soja ke nan, ɗan Ireland ne ko ɗan Scotland ko ɗan lungun Landan. Sai a 1782 aka liƙa mata sunan Durham, shi ma a takarda ya fi ƙarfi.

Shekarunta na farko ta fi yin su a tsibiran Karibiyan, inda ake noman rake da gumin bayi 'yan Afirka. A can zazzaɓi ya fi harsashi kisa, musamman na shawara. Runduna kan sauka da cikar mutanenta, bayan 'yan shekaru ta koma gida 'yan tsiraru. A 1772 aka tura ta tsibirin St Vincent ta yaƙi Karibawa, 'yan asalin wurin, waɗanda suka ƙi yarda masu gonakin rake su auna ƙasarsu su raba. Da wannan zama na Karibiyan ake danganta kirarin da ya bi rundunar har ƙarshenta, cewa su ne masu amana. Sun kuwa riƙe wa sarkinsu amana, ba musu. Amma wanda zai karanta tarihin irin waɗannan rundunoni ya kamata ya riƙa tambaya a kowane shafi: su wa aka aike su su murƙushe, kuma a kan me?

A 1808 aka yi mata sauyin da ya ba ta sunan da aka san ta da shi, wato Light Infantry, sojan ƙasa masu saurin motsi da yaƙi a warwatse. Ba za a gane wannan sauyi ba sai an dubi bindigar zamanin. Mai ɗurin baki ce, a zuba albarushi, a jefa dalma, a danna da sanda. Gwanin soja kan yi harbi biyu ko uku a minti guda, kuma in abin harbin ya wuce taku ɗari, samunsa sai sa'a. Don haka dabarar yaƙi ita ce a jera mutane kafaɗa da kafaɗa sahu biyu ko uku, a matso kusa da abokin gaba, a saki wuta lokaci ɗaya, sa'annan a ɗaura wuƙa a bakin bindiga a afka. Sojan da ke cikin irin wannan sahu ba a bukatar tunaninsa. Ganga na kaɗawa, saje na daka tsawa, bulala na jiran wanda ya karkace.

Dazuzzukan Amurka ta Arewa ne suka fara tona asirin wannan tsari. A 1755 Faransawa da 'yan asalin ƙasar suka laɓe a bayan itatuwa kusa da kogin Monongahela, suka ragargaza mayaƙan Janar Braddock, shi kansa bai tsira da ransa ba. Daga baya, a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan juyin juya halin Faransa, Faransawa suka riƙa sakin maharba a warwatse a gaban sahunsu suna tsince hafsoshin abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. Martanin Ingila daga sansanin Shorncliffe da ke Kent ya fito. A can, daga 1803, Janar Sir John Moore ya horar da runduna ta 52 da ta 43 da 'yan bindigar runduna ta 95 a kan wani sabon salo. Su ne masu shiga gaba, masu leƙen hanya, masu tare baya idan ana janyewa. Sukan warwatsu su yi aiki bibbiyu, ɗaya na harbi ɗaya na ɗuri, don kada a taɓa riskarsu duka da bindiga babu komai a ciki. Sukan fake da dutse ko kututture ko bangon gona, abin da a babban sahu ake ɗauka ragwantaka. Tun da a warwatse suke, muryar hafsa ba ta kai wa gare su, ganga kuma kaya ce ga mai gudu, sai aka koma ga begila. Kowace busa da abin da take nufi: a ci gaba, a ja da baya, a tsagaita wuta, a taru. Shi ya sa ƙahon begila ya zama tambarin hularsu, kuma har yau a fareti magadansu taku 140 suke yi a minti guda, alhali sauran sojan ƙasa 120 suke yi.

A ganina, abin da ya fi begila da sauri muhimmanci shi ne ra'ayin Moore game da ɗan Adam. Mutumin da za ka sake shi a daji shi da abokinsa, babu mai tsaye a kansa, dole ka yarda yana da hankali. Moore ya matsa wa hafsoshi su san mutanensu, su yi atisaye tare da su, su hana laifi tun kafin a kai ga hukunci. A ƙasar da ake sayen muƙamin hafsa da kuɗi, ake kuma kallon ƙaramin soja a matsayin tarkacen gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Runduna ta 68 tana cikin na farko-farko da aka juya zuwa wannan salo bayan ta 52 da ta 43. Daga baya, da bindigogi suka inganta a tsakiyar ƙarni na 19, dukan sojan ƙasa suka koma yaƙi a warwatse, sunan ya zama na girmamawa da al'ada kawai.

Gwajinta na farko a 1809 bai yi armashi ba. An kai ta tsibirin Walcheren a Holan, zazzaɓin fadama ya kwantar da sojojin Birtaniya dubbai. Daga 1811 zuwa 1814 ta bi Janar Wellington, kwamandan Birtaniya, a Fotugal da Sifen har cikin kudancin Faransa, ta yi yaƙin Salamanca da Vitoria da duwatsun Pyrenees da Nivelle da Orthez. Ba ta je Waterloo ba, inda aka yi wa Napoleon na Faransa kayen ƙarshe.

Ranar da 'yan rundunar suka fi riƙewa daga wancan ƙarni ita ce 5 ga Nuwamba 1854, a Inkerman, lokacin yaƙin Crimea. Rashawa suka fito da asuba cikin hazo mai kauri, har hafsoshi ba sa ganin mutanensu, kowane ɗan gungu ya yi yaƙinsa shi kaɗai. Yawancin sojan Birtaniya suna sanye da manyan kwat masu ruwan toka saboda sanyi. 'Yan 68 suka tuɓe nasu don hannunsu ya kai ga jakar harsashi, sai ga su cikin jajayen riguna, kowa na hangensu. Suka gangara kwari bisa umarnin Janar Cathcart, Rashawa suka ɓullo ta samansu, aka kashe Cathcart, su kuma suka kutsa suka fito da ƙyar. A nan wani ƙaramin soja ɗan Ireland, John Byrne, ya koma cikin ruwan harsashi ya ɗauko abokinsa da aka raunata, abin da ya sa daga baya aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumtaka mafi girma a Birtaniya. Sajoji da samanjojin rundunar sun daɗe suna rataya usur da sarƙa a ƙirji don tunawa da wannan rana.

Bayan shekara goma suna New Zealand suna yaƙi da Maori, 'yan asalin ƙasar, a yankin Tauranga. A Gate Pa, cikin Afrilu 1864, Maori ɗari biyu da 'yan kai suka fatattaki sojan Birtaniya kusan 1,700 daga ganuwar da suka tona da hannunsu. A Te Ranga, cikin Yuni, aka rama, Maori fiye da ɗari suka mutu, sa'annan gwamnatin mulkin mallaka ta ƙwace filaye masu yawa. A jikin tutar rundunar, sunan ƙasar kawai aka ɗinka.

Ɗaurin gaske da lardin Durham ya zo ne da gyare-gyaren ministocin yaƙi biyu, Cardwell a shekarun 1870 da Childers a 1881. Matsalar da suke son magancewa ita ce ta daula mai faɗi: ana bukatar sojoji a Indiya kullum, kuma mutanen kirki ba sa son shiga soja. Sai aka soke sayen muƙami, aka rage shekarun aiki, aka haɗa rundunoni bibbiyu, ɗaya ta zauna gida tana horar da kurata, ɗaya tana ƙetare tana karɓarsu, bayan wasu shekaru a yi musaya. Kowane haɗi aka ba shi yankin da zai ɗebi mutane. Abokiyar da aka haɗa ta 68 da ita, runduna ta 106, ba ta da ko ƙwayar alaƙa da Durham. Kamfanin Gabashin Indiya ne ya kafa ta a Bombay a 1839, ta yi yaƙi a Farisa a 1856 da 1857, ta koma hannun gwamnati bayan boren Indiya. Ranar 1 ga Yuli 1881 suka zama bataliya ta ɗaya da ta biyu ta DLI. Aka kuma shigar da 'yan sa-kai na lardin a ƙarƙashin sunan. Zuwa 1908 garuruwa suna da bataliyoyinsu na sojan wucin gadi, ma'aikata masu zuwa atisaye da yamma da ƙarshen mako: ta 5 a Stockton, ta 6 a Bishop Auckland, ta 7 a Sunderland, ta 8 a birnin Durham, ta 9 a Gateshead.

Akwai labari guda daga waɗannan shekaru da ba zan iya wucewa ba. A Janairu 1885 mayaƙan Mahadi suka ci Khartum, aka kashe Janar Gordon, Baturen Birtaniya mai tsaron birnin. Wannan Mahadi ne wanda labarinsa ya iso har ƙasashenmu, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a. Bayan rasuwar Mahadin a watan Yuni, mayaƙan Halifa Abdullahi suka nufi arewa, suka gamu da sojan Birtaniya da na Masar a Ginnis, a bakin kogin Nilu, ranar 30 ga Disamba 1885. Bataliya ta biyu ta DLI tana cikin waɗanda suka yi nasara. Bayan kwana biyu wasu mahayanta, a ƙarƙashin Laftanar de Lisle, suka far wa wani jirgin ruwa na 'yan Mahadi. Mutanen jirgin suka watse, aka bar yaro ɗan kimanin shekara biyu a bakin gaɓa. Labarin da rundunar ta adana ya ce sunansa Mustafa, kuma an kashe mahaifinsa a yaƙin.

Sajojin bataliyar suka ɗauke shi. Suka yi masa baftisma da sunan James Francis Durham, daga sunayen biyu daga cikinsu da sunan rundunar. Da aka tura su Indiya suka tafi da shi, suna haɗa kuɗi daga albashinsu don ɗawainiyarsa da karatunsa. A 1899 ya shiga soja yana ɗan yaro, ya zama mabushi a ƙungiyar badujala. A 1908 ya auri wata 'yar Bishop Auckland, Jane Green. A Agusta 1910 ciwon huhu ya kashe shi a Fermoy da ke Ireland, bai kai shekara talatin ba, kuma bayan 'yan makonni aka haifi 'yarsa. Mutanen Durham suna ba da wannan labari da alfahari, kuma akwai abin alfahari a ciki: talakawan sojoji sun ga maraya ba su bar shi ya mutu ba, sun riƙe shi har ya zama mutum. Amma ni idan na karanta shi, uwar yaron nake tunawa. Yaron da aka raɗa wa suna Mustafa ya tashi ba harshen iyayensa, ba addininsu, ba dangi ko ɗaya, kuma sojan da suka rene shi ɓangarensu ne ya mai da shi maraya. Jinƙan gaskiya ne, asarar ma gaskiya ce.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya nuna iyakar abin da tsarin Cardwell da Childers zai iya, alheri da sharri. DLI ta kumbura ta wuce bataliya 40, kusan rabinsu sun ƙetare teku. Ta 18, wadda abokai da abokan aiki suka shiga tare bisa alkawarin ba za a raba su ba, mutanen lardin ne suka tara kuɗin kafa ta, ta yi horo a Cocken Hall, gidan da zuriyar Lambton ta ba da aro. Tun kafin ta bar gida ta ga jini. Ranar 16 ga Disamba 1914 jiragen ruwan Jamus suka yi wa Hartlepool luguden wuta, mutum fiye da ɗari suka mutu, cikinsu har da Theophilus Jones na bataliya ta 18, malamin makaranta, wanda ake lissafa shi sojan farko da abokan gaba suka kashe a ƙasar Birtaniya a wannan yaƙi. Bataliyoyin wucin gadi kuwa sun sauka Faransa a Afrilu 1915, cikin 'yan kwanaki aka jefa su yaƙin Ypres na biyu, inda Jamusawa suka fara amfani da iskar guba.

Ɗan haƙar kwal ya zo yaƙin ramuka da abin da wasu ba su da shi. Ya saba da duhu da laka da ruwa har gwiwa, ya iya tono da tokare rufi da katako, ya kuma taso da wata doka ta mahaƙa: idan rami ya rufta, ba a barin mutum a ciki. Dubi Thomas Kenny, ɗan haƙar kwal, na bataliya ta 13. A daren 4 ga Nuwamba 1915 suna sintiri a tsakanin ramukansu da na Jamusawa, hazo ya ɓatar da su, aka harbi hafsansa, Laftanar Philip Brown, a cinyoyi. Kenny ya goya shi yana rarrafe fiye da sa'a guda ana harbinsu, Brown na cewa ya ajiye shi ya tsira, ya ƙi. Ya samo taimako aka ɗauko shi, ko da yake Brown bai rayu ba. Ko Michael Heaviside na Craghead, shi ma ɗan mahaƙa, wanda a Mayu 1917 ya rarrafa da rana tsaka zuwa wani rami dab da layin Jamusawa, ya kai ruwa da bandeji ga wani da ya kwana uku a kwance da rauni. Dukansu sun sami Victoria Cross, cikin shida da rundunar ta samu a yaƙin. Wani daga cikin shidan, Roland Bradford, ya zama birgediya-janar yana ɗan shekara 25, aka kashe shi ranar 30 ga Nuwamba 1917. Su huɗu ne maza a gidansu, uku ba su dawo ba.

Ga ɗaya fuskar. Idan ka tara samarin unguwa ɗaya a bataliya ɗaya, ranar da bataliyar ta faɗa cikin wuta, unguwar ce ta faɗa. Ranar 5 ga Nuwamba 1916 aka tura ta 6 da ta 8 da ta 9 su ƙwace wani ɗan tudun farar ƙasa a yankin Somme na Faransa, Butte de Warlencourt, cikin lakar da ke cire wa mutum takalmi. Ta 9 ta hau tudun, aka koro ta da dare, aka yi asarar ɗaruruwan mutane a kan wurin da Bradford, mai jagorantar ta 9, da kansa ya rubuta cewa amfaninsa a yaƙi kaɗan ne. Takardun sanarwar mutuwa kuwa layi ɗaya suke bi a Gateshead da Bishop Auckland, ƙofa bayan ƙofa. Kafin a gama yaƙin, DLI ta rasa mutum fiye da 12,000.

Akwai kuma waɗanda harsashin gida ya kashe. Bataliya ta 19 ta gajerun mutane ce, waɗanda ba su kai tsawon da soja ke nema ba, ƙafa biyar da inci uku, da yawansu 'yan mahaƙa. A Nuwamba 1916, kusa da Arras, Jamusawa suka faɗo cikin raminsu da dare suka harbi wani laftanar. Sajen da ke tare da shi, Joseph Stones, ɗan haƙar kwal daga Crook, ya ce ya gitta bindigarsa a ramin don ya tare masu binsa, ya ruga ya sanar da 'yan baya. Kotun soja ta ce jefar da makami ya yi a gaban abokan gaba. Ranar 18 ga Janairu 1917 aka harbe shi tare da wasu masu igiya ɗaya su biyu, Peter Goggins da John McDonald, waɗanda aka tuhuma da barin wurin tsaronsu. Sai a 2006 gwamnatin Birtaniya ta yi musu afuwa, su da sauran sojoji, jimilla 306, da aka kashe bisa irin waɗannan laifuffuka. Wannan ma tarihin DLI ne, daidai da lambobin yabon.

Waɗanda suka dawo, me suka tarar? Rufe mahaƙu na 1926, wata da watanni ba albashi, sa'annan karayar tattalin arziki. A 1936 maza kimanin 200 daga Jarrow, inda aka rufe masana'antar ƙera jirage, suka taka da ƙafa har Landan suna roƙon aiki. Bayan shekara uku aka sake buga gangar yaƙi, lardin kuma ya sake amsawa.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Victoria Cross ta farko da sojan ƙasa na Birtaniya ya samu, ɗan DLI ne ya same ta. Richard Annand, ƙaramin laftanar a bataliya ta biyu, ya hana Jamusawa ƙetare wata karyayyar gada a kogin Dyle da ke Beljiyam a tsakiyar Mayu 1940, da gurneti a hannu. Da aka ba da umarnin janyewa ya ji an bar yaronsa mai yi masa hidima a baya da rauni, sai ya koma ya ɗora shi a baro yana turawa har shi ma ya faɗi sumamme saboda nasa raunukan. Bayan 'yan kwanaki, ranar 21 ga Mayu, ta 6 da ta 8 tare da tankoki suka kai wa Janar Rommel na Jamus farmaki a Arras, suka razana shi har ya ɗauka mayaƙa ne masu ɗimbin yawa. A hamadar Masar, a Mersa Matruh, ranar 27 ga Yuni 1942, Adam Wakenshaw, wanda ya taɓa aikin mahaƙa, ya ci gaba da ɗura igwar harbo tanka da hannu ɗaya bayan an fille masa na hagu, har aka kashe shi a gindinta. Daga nan El Alamein, Mareth a Tunisiya, gadar Primosole a Sisili, gaɓar Normandy. Bataliya ta biyu kuma, wadda aka sake ginawa bayan kwashe sojan Birtaniya daga Dunkirk a Faransa, ta yi gumurzu da Japanawa a Kohima, a kan iyakar Indiya da Bama, a 1944. A wannan shekarar ce kakanninmu na runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ke fama da Japanawan a kwarin Kaladan, wasu bataliyoyin Nijeriya kuma suna can cikin dajin Bama a bayan layin abokan gaba. Sarki ɗaya suke wa yaƙi, albashi da kulawa dai ba ɗaya ba. Mamatan DLI a wannan yaƙi sun kai kimanin 3,000.

Ƙarshenta bai zo daga fagen fama ba. Tsarin bataliya biyu don tsaron Indiya aka yi shi, Indiya kuwa ta sami 'yanci a 1947, sai dalilin ya faɗi. Bataliya ta ɗaya ta je Koriya a 1952, ta zauna Cyprus da Berlin da Hong Kong, ta yi yaƙinta na ƙarshe a dazuzzukan Borneo a 1966. A halin nan an daina ɗaukar soja na tilas, an karya darajar fam a 1967, gwamnatin Harold Wilson ta sanar da janyewa daga gabashin Suez. A gida kuma ana rufe mahaƙun Durham ɗaya bayan ɗaya. Ranar 10 ga Yuli 1968 aka narkar da DLI da takwarorinta na Yorkshire da Shropshire da Somerset da Cornwall cikin runduna guda mai suna The Light Infantry. Ranar 12 ga Disamba aka yi faretin ƙarshe, aka ajiye tutocinta a babbar majami'ar Durham. Bataliyar da ta gaje ta ma ba ta yi shekara ba aka rushe ta a 1969.

Masu lissafi suna da hujja. Sojan da ya ƙanƙance ba zai iya riƙe bariki da hedikwata da badujala ga kowane lardi ba, kuma babbar runduna ta fi sauƙin juya mutane daga wannan bataliya zuwa waccan. Mutanen Durham su ma suna da tasu: shekara tamanin da bakwai ana gaya musu rundunar tasu ce, da wannan magana aka karɓi 'ya'yansu sau biyu, ranar da aka tashi rushe ta kuwa a Landan aka yanke shawara. Wannan ciwo ya sake tashi a 2016, lokacin da majalisar lardin ta rufe gidan tarihin DLI da ke Aykley Heads don rage kashe kuɗi. Iyalai da dama sun riga sun watsa tokar tsofaffin sojojinsu a harabar wurin, saboda haka aka yi ta ƙorafi da zanga-zanga. Kayan tarihin yanzu suna wata sabuwar cibiya a Mount Oswald da aka buɗe a 2024.

The Light Infantry ita ma ba ta dawwama ba. A Fabrairu 2007 aka haɗe ta da wasu rundunoni uku aka kafa The Rifles, wadda sojojinta suka yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan. Saurayin Sunderland ko Crook da ke son bin sawun kakansa a yau can zai shiga, tare da 'yan Devon da Landan da Yorkshire. Ɗaya daga cikin bataliyoyinta na wucin gadi, ta 8, tana da hedikwata a Bishop Auckland, garin da bataliya ta 6 ta DLI ta fito.